Shekara Uku da Kan Kifi

Bari in fara da abin da masu rubuta tarihin kansu suke ajiyewa sai shafin ƙarshe, ko su mance da shi ɗungum: a wannan labari ni ne wawan. Na faɗa tun da wuri don kada wani cikinku ya wahalar da kansa yana nema. Kun daɗe kuna gaya wa mutane cewa na'urar gwamnati ce ta hana babanku zuwa Makka shekarar da uwarku ta je, ni kuma na bar ku kuna faɗi, ina gyaɗa kai, wani lokaci har in ƙara gishiri. A cikinku 'ya'yana Rakiya kaɗai ta san yadda aka yi, ita kuwa riƙe baki ta gado, kuma kun san ba daga wajena ba. To yanzu da ƙafa ta fara ƙin zuwa inda na aike ta, na ga gara in zauna in rubuta da hannuna, da ɗan bokon da na tsinta a aji huɗu kafin malamin lekol, wato makarantar boko, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba wanda ya yi kuka.

Sai kun san Sale kafin ku gane sauran. Ku kun san shi da Baba Sale mai goro, wanda ƙofarsa take kallon tamu, titi ɗaya ne tsakani. A wurina kuwa ɗan Gwaggo Hajara ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina, kuma tsakanin taubasai babu kunya babu fushi, sai tsiya. Kakanmu ɗaya, wanda ya taso daga ƙasar Kano da jakunansa, ya iso bakin kogin Binuwai a nan Garwa ya ce zai huta kwana bakwai. Har yau hutun muke yi. Shekara ɗaya aka haife mu ni da Sale, ba wanda ya rubuta rana. Abin da manya suka riƙe shi ne, ranar sunana Gwaggo Hajara ta zo da Sale a goye, wuyansa ya riga ya tsaya. Ke nan ya girme ni da 'yan watanni. Da za a sa mu lekol, iyayenmu suka kai mu ofishin magajin gari rana ɗaya, akawu ya dubi haƙoranmu kamar mai sayen maruƙa, ya rubuta mana shekara ɗaya, ya sa abin nan da suke cewa ne ver, wato an haife shi wajejen kaza. Duk tsaranmu a garin nan wajejen kaza aka haife mu.

To muna da wata al'ada a ƙofar gidan Sale. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan majalisarmu suna zama ƙarƙashin dogonyaro a ci abinci a faranti ɗaya: tuwon dawa ko shinkafa, da giwan ruwa guda sukutum daga kogi. Dokar wurin ita ce wanda ya fi kowa shekaru shi ake fara miƙa wa buta ya wanke hannu, kuma shi ke ɗaukar kan kifi. Lokacin da manyanmu suke da rai wannan ba zancenmu ba ne, wutsiya muke ci muna godiya. Amma mutuwa ba ta hutu. Ina zaune ina kallon kan kifin nan yana matsowa daga dattijo zuwa dattijo, har na hango inda zai sauka: gaban Sale. Saboda 'yan watanni. Saboda wuyan jariri ya tsaya.

A shekarun nan dillancin shanu nake yi a Maiganga, ina haɗa makiyaya da masu kai dabbobi kudu. Wata ranar kasuwa na rataye rigata a shinge na je alwala, akwai ɗan ƙullin kanwa a aljihu tare da katina na ɗan ƙasa da takardar haihuwa. Kafin in dawo wata saniya ta cinye aljihun da duk abin da gwamnati ta sani game da ni. Hanyar da ta dace a fili take: ka je ka shaida cewa takardunka sun ɓace, ka koma Garwa a fitar maka da wasu daga littafin da aka rubuta ka. Na san haka sarai. Amma ina tsaye ina kallon saniyar nan tana tuƙa, sai wani tunani ya zo mini mai daɗi kamar iskar hadari. Na samo abokaina biyu na kasuwa, waɗanda suka san ni tun kasuwa biyu da suka wuce, suka tsaya gaban alƙali suka shaida cewa ni ɗan wani ƙauye ne kusa da nan, ba a taɓa yi mini takarda ba, kuma sun ci naman sunana. Ɗaya daga cikinsu na girme shi. Da aka tambayi shekarar haihuwa, na ja ta baya da shekara uku. Na yi nazari kafin in zaɓi uku: ɗaya za ta jawo gardama, goma za ta jawo dariya. Na dangwala yatsuna a tawada, aka ba ni sabon kati, na dawo gida na girmi kaina.

Gwaggo Hajara ta riga ta rasu a lokacin, haka mahaifina. Sale bokon lekol bai zauna masa ba, amma ɗan kasuwa ne, ya san lamba. Juma'ar farko da kan kifi ya zo gabansa, na zaro katin na ajiye kusa da nasa a kan tabarma, na sa yatsa a kan shekarar. Ya duba nawa, ya duba nasa, ya dube ni.

"Kai Garba, yanzu wannan takardar ta fi uwata sanin ranar da ta goya ni?"

"Gwamnati ba ta ƙarya, yaro. Miƙo buta."

Majalisa ta kwashe da dariya. Sale ma ya yi dariya, ya miƙo butar. Daga ranar nan fiye da shekara ashirin ni ke fara wanke hannu. Katin Maiganga nake sabuntawa duk lokacin da ya mutu, ba wanda ya ce mini kanzil. Har na fara jin shekara ukun nan a gwiwoyina.

Da aka fara zancen cewa an kawo na'urori masu karanta yatsa da fuska, kuma an zuba duk tsofaffin takardu a cikinsu, ba wanda ya kai ni murna a majalisa. Na ce wannan shi ne adalcin da muke jira. Na'ura ba ta cin goro, ba ta da ƙabila, ba ta san Bahaushe ba balle Bafulatani ko mutumin kudu, ba ta da suruki. Na ce masu ƙarya sun shiga uku. Na faɗi wannan da kan kifi a hannuna.

Yanzu sai uwarku. 'Yar Banyo ce, kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda na ɗauko ta. A gaban babbar mota muka taho da damina, hanyar nan da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta, muka kwana biyu a cikin taɓo. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba, ta dai riƙe ƙullin kayanta a cinya. Shirun ya dame ni, na rasa abin faɗi, sai na ce mata ta jure, wata rana da hannuna zan kai ta Makka mu tsaya Arfa tare. Irin maganar da namiji yake yi a cikin taɓo. Ba ta taɓa tuna mini da baki ba. Sai dai duk shekara, ranar da alhazai suka tashi, in ta ajiye mini abinci takan dube ni sau ɗaya kafin ta juya. Shekara arba'in da 'yan kai ina cin abincin ranar nan da wannan kallo a kansa.

Sai ga shekarar da kuka haɗa kai kuka kama mana kujera biyu. Babangida ne ya zo da labarin, a matsayinsa na babbanku. A watan nan kuma likita ya duba gwiwoyinta da zuciyarta ya ce in za ta yi doguwar tafiya to bana ce, baɗi bai yi alkawari ba. Nata takardun lafiya lau, ta sami fasfo ba wata wahala. Ni kuwa katina ya mutu, kuma ba a ba da fasfo sai da kati mai rai. Na sa babbar riga na tafi ofis ina taƙama, na ɗora yatsuna a kan wani gilashi mai koren haske, aka ɗauki hotona, na yi wa yaran wurin nasiha a kan amfanin ci gaba. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayata da Faransanci. Layi biyu ne. An ƙi dosiyena, wato takardun da na shigar, saboda an sami yatsun nan a jikin mutum biyu.

Na koma ofis da goro fari guda goma a aljihu, don ban taɓa ganin ƙofar da goro da gaisuwa suka kasa buɗewa ba. Ma'aikacin da na samu mutumin kudu ne mai ladabi, muka yi ta da Faransancina na aji huɗu da Fulatancinsa na kasuwa.

"Papa, ba ni na ƙi ka ba. Na'ura ce ta ga yatsunka a wuri biyu."

"To kira mini ita."

"Tana can babban birni, Yawunde, Papa."

"Wane ne maigidanta?"

"Ba wanda ya sa hannu. Ita take dubawa, ita take rufewa. Ni nan ko na danna ba zai wuce ba."

Na fito na tsaya a inuwa da gorona. Duk rayuwata abin da na sani shi ne, kowace matsala akwai mutum a bayanta, kuma kowane mutum yana da limami, ko suruki, ko uwar da ta rasu a je masa ta'aziyya. Wannan ba ta da ko ɗaya. Abin da na yabe ta da shi a majalisa shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro. A bakin ƙofar na haɗu da wani manomi Kirista daga kan duwatsu, Yakubu, da irin saƙona a wayarsa. Shi bai yi komai ba. Wani akawu ne tun da daɗewa ya rubuta sunan mahaifinsa iri biyu a takarda biyu, ga shi yanzu ba kati, duk shingen jandarma sai an sauke shi daga mota da buhunan albasarsa. Muka jajanta wa juna. Na ce masa wallahi zalunci ne. Ban gaya masa cewa ni da shi ba jirgi ɗaya ya kwaso mu ba.

Rakiya a lokacin tana aiki a ofishin wani lauya. Da la'asar ta zo, ta zauna a tabarma ta karanta saƙon, uwarku tana gefe tana tsince wake.

"Baba, akwai dokar da aka yi ta kare bayanan mutane. Abu mai nauyi irin wannan, ba a barin na'ura ita kaɗai ta yanke ta rufe ƙofa. Kana iya neman a nuna maka abin da aka ajiye a kanka, in akwai kuskure a gyara, kuma ka ce sai mutum ya duba da idonsa ya ji ta bakinka."

"Yawwa! Abin da nake nema ke nan. Mutum mai jini a jika, wanda zan yi wa bayani."

"To za ka yi masa."

Ta rubuta takardar, ta rubuta wa Yakubu tasa da na ba ta labarinsa. Aka sa mana rana. Wadda ni da Rakiya muka samu a ofishin wata mata ce babba, mai tabarau, kowa yana ce mata Madam. Ta ba ni kujera, ta juyo da allon kwamfutarta ya fuskance ni. Hoto biyu ne kusa da juna. Na hagu wani saurayi ɗan Garwa, na dama wani magidanci ɗan ƙauyen Maiganga wanda ya girme shi da shekara uku. Kunnuwansu iri ɗaya, kuma duk wanda ya san ni ya san kunnuwan nan ba a yi su sau biyu ba. Madam ta cire tabarau, ta yi mini tambayar da na'ura ba ta yi ba, wadda na yi ta kumfar baki ina neman a yi mini.

"Papa, me ya sa?"

"Saniya ce ta cinye katin farko."

"Saniyar ce ta ƙara shekarun?"

Na dubi rufin ɗakin. Rakiya ta dubi ƙasa. Madam ba ta matsa ba, ta ga irina da yawa, wasu sun rage shekaru don aiki, wasu don makaranta, amma ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya ƙara ba. Ta ce abin yana gyaruwa: in rubuta da hannuna wanne ne ni na gaskiya, in kawo shaidar da ya san ni tun haihuwa, ba abokan kasuwar shanu ba, kotu ta soke na biyun, sannan a buɗe dosiyen. Ta ce in hanzarta, don aikin mutane yana cin lokaci, kuma masu shirya tafiyar alhazai ba sa jira.

A hanya na gaya wa Rakiya zancen kan kifi. Na so ta yi dariya, da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Sai da muka kai bakin unguwa ta ce duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san ni tun ina tsumma, kuma takardarsa tana shafi ɗaya da tawa a littafin magajin gari.

"Gobe ka tsallaka wurin Baba Sale."

"Zan tsallaka."

Daga ƙofata zuwa ƙofar Sale taku arba'in ne, na ƙirga su sau da yawa a makonnin nan. Juma'a bakwai na yi wannan takun da niyyar magana, Juma'a bakwai aka miƙo mini buta na wanke hannu na ci kan kifi na dawo. Ta farko akwai baƙi. Ta biyu Sale yana tari, na ce ba a ɗora wa mara lafiya nauyi. Ta uku ban tuna dalilin ba, amma na san mai ƙarfi ne. A tsakani na ji labarin wata tsohuwa 'yar uwarmu da aka aurar can garin Ray Buba tun kafin a yi kwalta, aka ce tana nan da rai kuma ta halarci sunana. Na hau mota na hau babur na je, wai in samo shaida ba tare da Sale ya ji ba. Na same ta a kwance, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, ita kanta ba ta da kati balle ta tsaya wa wani. Aka ɗaga murya aka ce mata ga Garba ɗan Malam Isa daga Garwa. Ta yi ta lalube a cikin kanta, sannan fuskarta ta washe.

"Garba? Ƙanen Sale?"

Na ba ta goron da na'ura ta ƙi karɓa, na kamo hanya.

A gida kuwa shiri ake yi. Uwarku tana zuwa wurin malama tana koyon yadda ake ɗawafi da abin da ake faɗi, ta dawo tana maimaitawa a kan murhu. Ta sa tela ya ɗinka mata jaka mai aljihu biyu, ɗaya na maganinta, ɗaya na maganina na hawan jini, don ta ce ni ba a ba ni ajiyar abin da zai amfane ni. Maƙwabta suna shigowa da saƙon addu'a, wannan a roƙa mata haihuwa, wannan a roƙa wa ɗanta shiriya. Sau ɗaya tak ta tambaye ni, tana ninke mayafi ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, takardar fa?"

"Tana hanya."

"Wace hanya? Ta Banyo?"

Rakiya takan zo ta gaishe ni ta zauna ta dube ni, irin kallon nan na ranar tashin alhazai, ashe shi ma gadonsa ake yi. Ba ta tona ni ba. Ni kuma ina gaya wa kaina cewa akwai lokaci, kuma mutum mai shekaruna, ko da ukun ko ba ukun, ba ya durƙusa wa taubashinsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In kun tambaye ni yau me nake tsoro, ba kotu ba ce, ba Madam ba ce. Dariyar majalisa ce. Dariyar tsofaffi shida waɗanda in an haɗa haƙoransu ba za su cika baki biyu ba.

Ranar wata Laraba Babangida ya kira ya ce mai shirya tafiya zai rufe sunaye cikin kwanaki kaɗan. Washegari da hantsi na tsallaka, ban jira Juma'a ba. Na sami Sale shi kaɗai yana yayyafa wa goro ruwa. Na cire takalmi, na rage tsawo, abin da ban yi masa ba tun muna lekol.

"Ina kwana, Yaya."

Ya tsaya da hannu a cikin ƙwarya.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Shekara uku ce na zo mayarwa."

Na kwashe duka na gaya masa, da saniya, da shaidun Maiganga, da Madam mai tabarau. Ya saurara har ƙarshe yana share hannu a riga.

"Garba, kana tsammanin akwai wanda bai sani ba a majalisar nan? Ai tun ranar da ka kawo katin muke kallonka."

"To don me ka miƙo butar?"

"Kan kifi me ke cikinsa? Ƙashi ne da ido. Kai kana can kana fama da shi, ni ina tsakiya inda tsoka take. Yaushe aka ce ka kawo shaidar?"

"Wata biyu ke nan, saura kaɗan."

Nan fara'ar ta bar fuskarsa. Bai ƙara yi mini tsiya ba, kuma taubashi ya daina yi maka tsiya ba ƙaramin abu ba ne. Ya shiga ciki ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗauko takardarsa ta haihuwa da ta yi launin shayi, ya zura riga, ya tare mana babura biyu. Kafin azahar ya faɗi abin da ya sani a gaban Madam, da goyon Gwaggo Hajara da wuyan da ya tsaya, aka rubuta.

Na'ura ta yanke nata cikin ƙiftawar ido. Mutane kuwa sai kotu ta zauna, sai takarda ta je Yawunde ta dawo, kuma ba wanda ya yi mini jinkiri da gangan, Madam har waya ta riƙa bugawa saboda ni. Amma lokacin da ta ce a ba ta na riga na cinye shi Juma'a bayan Juma'a. Aka rufe sunaye. Babangida ya hau kujerata don uwarku ta sami muharrami. A filin jirgi, ana kiran mata su shiga layi, ta zuge aljihu na biyu na jakarta ta zaro maganina ta sa mini a hannu, ta ce safe da yamma, kada in haɗa biyu in na mance ɗaya. Shi ke nan abin da ta ce. Katina ya fito ana saura kwana biyu hawan Arfa, da shekaruna na gaskiya, wajejen kaza. Ranar Arfa na zauna gaban talabijin tun safe ina neman wata mata a keken guragu a cikin jama'ar da ba ta ƙirguwa. Na ce muku ni ne wawan.

Shi Yakubu an gyara nasa tun kafin nawa, don shi da aka tambaye shi me ya sa, yana da amsa. Ina yawan tuna shi. Da bai haɗu da ni a bakin ƙofa ba, da ni kuma ban haifi Rakiya ba, da har yau ana sauke shi da albasarsa, don na'ura ba ta bambanta ni da shi ba, kuma ba ta gaya masa cewa akwai wata ƙofa ba. Wannan laifinta ne, ko laifin masu bar mata wuƙa da nama, kuma ina nan a kan bakana cewa duk hukuncin da zai tsare mutum a hanya dole a sami ɗan Adam da zai ce masa me ya sa. Sai dai in za ku nemi a yi muku wannan tambaya, ku tabbata kuna da abin faɗi. Juma'ar da ta biyo bayan fitowar katin ni da kaina na ɗauki buta na miƙa wa Sale. Ya gaya wa majalisa cewa Garba ya koma yaro, gwamnati ce ta faɗa, kuma gwamnati ba ta ƙarya. Aka yi dariyar da na yi wata biyu ina gudu. Ba ta kai minti ɗaya ba.

Da uwarku ta dawo, gida ya cika, ana raba dabino da zamzam, ana Hajiya sannu da hanya. Duk wanda ya juyo ya ce mini Allah ya sa baɗi da kai, sai in daki cinya in ce ai na'urar nan ba ta da imani, ta raba miji da mata a tafiyar da suka yi shekara arba'in suna jira. Na faɗa wa mutum ya fi goma, har na fara yarda. Duk tana jina. Sai da la'asar ta yi sanyi, baƙi suka ragu, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan tabarma, muka rage mu biyu. Na matso na ce mata ai ta ga yadda aka yi mini, ƙarfe ne ya rantse wai mu biyu ne, ni kuwa ni kaɗai ne tun da Allah ya yi ni.

Ta ɗauki dabino ɗaya ta raba, ta cire ƙwallon, ta miƙo mini rabi.

"Ai ba ta yi ƙarya ba, Malam, ku biyu ne. Ɗaya ya yi mini alkawari a hanyar Banyo, ɗayan ya zauna yana cin kan kifi."